JAMES PLANCHÉ, MAI BINCIKEN TUFAFIN MUTANEN DA

Ran hawan salla a Damagaram, in dawakin Sarki suka fito, mukan ga barade sanye da sulke da kwalkwali, dawaki kuwa cikin lifidi. Ba yaƙi za su ba. Suna nuna mana ne irin shirin kakanninmu. To, Turawa ma suna da buki mai kama da wannan. A wasu garuruwan Faransa da Ingila mutane kan taru shekara shekara, su sa tufafi irin na mutanen da suka rayu shekara 700 ko 800 da suka wuce, su kwaikwayi yaƙi, ko cin kasuwa, ko zaman fada. Wannan zamani shi ne Turawa ke kira Tsakiyar Zamani, da faransanci Moyen Âge. Ya kama daga wajen shekara ta 500 zuwa wajen 1500.

Amma yaya tela zai ɗinka rigar da bai taɓa gani ba, wadda mai ita ya mutu tun da daɗewa, ita ma ta ruɓe? Yau za mu karanta labarin wani mutumin Ingila da ya ba da rayuwarsa wajen neman amsar wannan tambaya. Sunansa James Robinson Planché. Ana faɗin sunan Palanshe.

Yarantakarsa

An haifi Planché a birnin Landan ran 27 ga watan Fabrairu, 1796. Sunansa na Faransawa ne, don kakanninsa daga Faransa suka fito. A shekarar 1685 Sarkin Faransa, Luwi na 14, ya hana Kiristoci ƴan Furotestan yin addininsu. Da yawa daga cikinsu suka yi hijira zuwa ƙasashen maƙwabta, kowa da sana'arsa a hannu. Dangin Planché suna cikin irin waɗannan mutane. Ubansa mai aikin agogo ne. Yaron ya tashi yana jin faransanci da turancin Ingila, kamar yadda ku ma ku ke karatu da harshe biyu.

Uwarsa ta rasu tun yana ƙarami. Da ya yi shekaru kaɗan a makaranta, sai aka kai shi wurin wani Bafaranshe mai zane don ya koyi sana'a. Ba a jima ba malamin ya mutu. Daga nan aka sa shi wurin wani mai saida littattafai. Ko ɗaya daga cikin sana'o'in nan biyu bai zama tasa ba, amma duk sun amfane shi daga baya: a wurin na farko ya koyi duban siffa da zana ta, a wurin na biyu ya saba da tsofaffin littattafai.

Abin da zuciyarsa ke so shi ne wasan kwaikwayo. Yakan yi wasa tare da abokansa, yakan kuma rubuta nasa. A shekarar 1818, yana da shekara 22, aka nuna wasansa na farko a wani babban gidan wasa na Landan mai suna Drury Lane. Tun daga ranar ya riƙi rubutun wasa sana'a. Kafin ya mutu ya rubuta wasanni 176.

Kowa da abin da ya samu

A lokacin nan masu gidajen wasa ba su damu da gaskiyar tufafi ba. Suna da ɗakin ajiya cike da tsofaffin kaya. In za a yi wasa, sai kowane ɗan wasa ya shiga ya zaɓi abin da ya yi masa kyau. Sarkin da ya rayu shekara 600 da suka wuce, da wanda ya rayu shekara 200 da suka wuce, duk shiga ɗaya a kan yi musu. Kafin haihuwar Planché an yi wani shahararren ɗan wasa, David Garrick, wanda ya fito a matsayin Makbet, wani sarkin Sikotilan na ƙarni na 11, sanye da tufafin zamaninsa shi Garrick ɗin. Ku ɗauka a makarantarku an yi wasan Sarauniya Daurama da Bayajida, sai ga Bayajida ya fito da kwat da agogon hannu. Ai dariya za ku yi. Su kuwa mutanen Landan sun saba, ba su ganin laifin abin.

Planché ya ɗanɗani wannan hali da kansa. A shekarar 1820 ya juya wani wasan Faransawa zuwa turanci, labarin wani dodo mai shan jinin mutane. Irin wannan tatsuniya ta mutanen gabashin Turai ce, saboda haka ya so a mai da labarin can. Mai gidan wasan ya ƙi. Dalilinsa shi ne yana da kayan mutanen Sikotilan jibge a ɗakin ajiya, ba zai kashe kuɗi ya ɗinka wasu ba. Haka aka yi wasan da kayan Sikotilan. Wasan ya karɓu, amma abin ya tsaya wa Planché a rai.

Kabarin Sarki Jon

A shekarar 1823 Charles Kemble ke riƙe da gidan wasa na Covent Garden. Yana shirin nuna wani wasan Shekspiya mai ba da labarin Sarki Jon, wanda ya mulki Ingila daga 1199 zuwa 1216. Wata rana suna hira, Planché ya nuna masa cewa ana zubar da kuɗi masu yawa a kan wasannin raha na bukin Kirsimeti, amma wasannin tarihi sai da tsummoki a ke yin su. Ya ce in Kemble ya yarda, shi zai binciko ainihin tufafin zamanin Sarki Jon, ya zana su, ya tsaya a kan ɗinkinsu, ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Kemble ya yarda.

To, ina za a ga tufafin? Babu hoto a zamanin Sarki Jon, rigunan kuma sun ƙare. Planché ya bi hanya uku.

Hanya ta farko ita ce kaburbura. Manyan Turawa na da, in sun mutu, akan sassaƙa siffarsu da dutse ko katako, a kwantar bisa kabari a cikin majami'a. Ana sassaƙa mutum da rigarsa, da ɗamararsa, da takalminsa. Kabarin Sarki Jon yana majami'ar garin Worcester. An sassaƙa shi kwance, da kambi a ka, da doguwar riga, da safar hannu, da takobi, zaki na kwance wajen ƙafafunsa. Siffar uwarsa, Sarauniya Eliyano, tana Fontevraud a ƙasar Faransa. Ta wani ɗan'uwansa mayaƙi tana majami'ar Salisbury, sanye da sulke.

Hanya ta biyu ita ce hatimi. Kowane sarki yana da babban hatimi da a ke buga wa takardunsa. A fuska ɗaya ana nuna shi zaune bisa gadon sarauta, a ɗaya fuskar yana bisa doki cikin kayan yaƙi.

Hanya ta uku ita ce tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, aka yi musu zane mai launi. A ciki a kan ga sarakuna da fadawa, da manoma, da mata masu kaɗi. Dutse na nuna siffa, littafi na nuna launi.

Planché bai yi aikin shi kaɗai ba. Ya je wurin masana ya yi tambaya. Samuel Meyrick, wanda ya tara tsofaffin kayan yaƙi masu yawa, ya koya masa sha'anin sulke da kwalkwali. Francis Douce kuwa ya buɗe masa taskar littattafansa. Ƙa'idar da ya riƙe ita ce: duk abin da za a ɗinka, sai an san inda aka gan shi, kuma sai shaidar ta fito daga zamanin da a ke magana a kai. Gani ya kori ji.

Shigar mutanen ƙarni na 13

Ga irin shigar mutanen zamanin nan. Namiji yakan fara sa ƴar ciki ta lilin da gajeren wando. A ƙafafu yakan sa dogayen safa na yadi, kowace ƙafa da tata, a ɗaure su a ƙugu. Bisa wannan sai riga ta ulu, wato gashin tumaki da aka kaɗa aka saƙa. Rigar manomi takan tsaya a gwiwa don kada ta hana shi aiki. Ta basarake takan sauka har idon sawu. Ana ɗaure ta da ɗamara, a yafa mayafi mai kama da alkyabba. Mata na sa doguwar riga mai jan ƙasa, matan aure kuma suna rufe kai, wasu har da wuya da haɓa.

Barde yakan sa riga mai kauri da aka cusa wa tsumma ko gashi aka ɗinke, kusan irin aikin lifidi. A kanta sai sulke, wanda aka haɗa da ƙananan zobban ƙarfe dubbai, kowane zobe ya shiga cikin ƴan'uwansa. Sulken na sauka har gwiwa, yana rufe hannu da kai. Bisa sulke akwai riga marar hannu. Kwalkwalin zamanin kuwa ba mai tsini ba ne. Samansa shimfiɗe ya ke, jikinsa kamar gwangwani. A kan garkuwa a kan zana tambarin gidan barde, don a gane shi a fagen fama.

Planché ya zana waɗannan duka, aka miƙa wa teloli. A lokacin ba a yi keken ɗinki ba tukuna. Duk da allura da zare aka ɗinka su.

Daren farko

Ba kowa ya ji daɗin wannan sabon abu ba. Manyan ma'aikatan gidan wasan sun ji haushi, ga yaro ɗan shekara 27 ya shigo musu aiki. Ƴan wasa ma ba su yarda da shi ba. Da suka ga kwalkwalin, sai suka ce tukunyar miya ce aka kawo musu. Suka sa kayan suna ɓata rai, sun tabbata ƴan kallo za su yi musu ihu. Da abin ya ɓaci, da Kemble ya yi hasarar kuɗinsa, Planché kuwa da ya zama abin dariya a Landan.

Aka buga takardar sanarwa. A cikinta aka jera wuraren da aka samo kowace shiga: kabarin wane, hatimin wane, littafi kaza. A watan Nuwamba na 1823 aka buɗe wasa. Da aka ja labule, sai ga Sarki Jon kamar ya taso daga kabarinsa na Worcester, barade sun kewaye shi cikin sulke, fadawa cikin dogayen riguna. Ƴan kallo suka yi ihu, amma na murna. Suka yi ta tafi har sau huɗu. Planché ya rubuta daga baya cewa kuɗin da a ke samu a dare ɗaya ya kai fam 400 zuwa 600, nan da nan gidan ya mai da abin da ya kashe.

A shekarar 1824 aka sake yin haka da wani wasan Shekspiya, na Sarki Henri na 4. Sannu a hankali sauran gidajen wasa suka bi sahu, don ƴan kallo sun fara gane bambanci.

Littafi da bukin Sarauniya

Planché ya ga ba ƴan wasa kaɗai ke bukatar wannan sani ba. Masu zane da marubuta ma suna kuskure. Saboda haka a shekarar 1834 ya buga littafin tarihin tufafin ƙasar Birtaniya, ƙarni bayan ƙarni, da zane-zane. Littafin ba shi da girma, ana iya riƙe shi a hannu a tafi da shi wurin aiki.

A shekarun nan mutanen Birtaniya sun kamu da sha'awar Tsakiyar Zamani. A 1839 wani basarake ya shirya babban wasan barade a Eglinton, ƙasar Sikotilan. Mahaya suka sa kayan ƙarfe suka ɗauki masu, mutane wajen 100,000 suka zo kallo. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙe kowa, fili ya zama taɓo. Duk da haka sha'awar ba ta mutu ba.

Ran 12 ga watan Mayu, 1842, Sarauniya Biktoriya ta yi buki a fadarta ta Buckingham. Aka gayyaci mutane wajen 2,000, aka ce kowa ya zo da shigar mutanen da. Masaƙan siliki na unguwar Spitalfields a Landan suna cikin matsi a lokacin, don ciniki ya faɗi. Aka so bukin ya samar musu aiki. Da yawa daga cikin masaƙan nan jikokin ƴan hijirar Faransa ne, kamar Planché. Mijin Sarauniya, Albat, ya fito a matsayin Sarki Edwad na 3, wanda ya yi mulki daga 1327 zuwa 1377. Sarauniya ta fito a matsayin matarsa, Filifa. Planché ne ya lura da shirin tufafinsu, aka kwaikwayi siffofin da ke bisa kaburburan sarakunan biyu a majami'ar Westminster.

Amma akwai abin lura. Wani mai zane, Edwin Landseer, ya zana su cikin kayan nan, zanen yana nan har yau. In an dube shi, a kan ga rigar Sarauniya ta matse a ƙugu ta buɗe ƙasa, irin yayin 1842, don ta sa kayan ciki na zamaninta a ƙarƙashi. Ado na Filifa ne, tsayuwar rigar kuwa ta Biktoriya ce. Wannan na nuna mana wahalar aikin: mai kwaikwayon mutanen da yakan shigo da idon zamaninsa bai sani ba.

Tsufansa

Planché ya auri Elizabeth St George a 1821, suka haifi ɗiya mata biyu. Matar ta rasu a 1846. A shekarar 1854 aka ba shi matsayi cikin ma'aikatan da ke kula da tambarin sarauta da asalin manyan gidaje na Ingila, aka ƙara masa girma a 1866. A 1869 aka sa shi ya gyara jerin kayan yaƙin da ke ajiye a Hasumiyar Landan. Ya jera su bi da bi, na kowane zamani a wurinsa, don mai kallo ya ga yadda suka yi ta sakewa.

Duk da sunan da ya yi, bai tara dukiya ba. Mijin ƙaramar ɗiyarsa, Matilda, ya mutu a 1868 ya bar ta da yara. Nauyinsu ya dawo kan tsoho, sai ya ci gaba da rubutu don ya ciyar da su. A 1871 gwamnati ta yanka masa fam 100 a shekara. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne ƙamus na tufafi, littafi biyu manya, da aka buga tsakanin 1876 da 1879, lokacin ya haura shekara 80. Ya rasu a unguwar Chelsea, a Landan, ran 30 ga watan Mayu, 1880, yana da shekara 84.

Abin da ƙasa ta ɓoye

Akwai abin da dutse da zane ba su iya nuna wa Planché ba, wato yadda aka yanka yadi, da inda ɗinki ya bi. Wannan sai bayan mutuwarsa aka gani sosai. A shekarar 1921 wani masani ɗan ƙasar Danmark, Poul Nørlund, ya tona wata tsohuwar maƙabarta a Herjolfsnes, kudancin tsibirin Girinlan. Itace na da wuya a can, saboda haka an binne mutane da yawa naɗe cikin tufafi. Sanyin ƙasa ya hana tufafin ruɓewa. Aka fito da riguna da huluna da safa na ulu, na wajen ƙarni na 14 da na 15. A 1936 kuma aka sami gawar wani mutum na ƙarni na 14 cikin wata fadama a Bocksten, ƙasar Suwidin, da tufafinsa a jiki.

Waɗannan kaya sun nuna dabarar telolin da. Yadi na da tsada, don da hannu a ke kaɗi, da hannu a ke saƙa. Saboda haka ba a yarda a ɓata ko ƙyalle. Sai a yanka dogayen ƙyallaye masu kusurwa huɗu don gaba da baya, a yanka wasu masu kusurwa uku a soka a gefe da tsakiya, don rigar ta buɗe ƙasa. A hamata a sa ɗan ƙyalle don hannu ya sake. Launi kuwa daga tsiro a ke samun sa. Akwai wani ganye da ke ba da shuɗi, sinadarin da ke cikinsa ɗaya ne da na baban da marinanmu ke aiki da shi. Saiwar wani tsiro na ba da ja, wani kuma na ba da rawaya. In an tsoma yadi cikin shuɗi, aka sake tsoma shi cikin rawaya, sai ya fito tsanwa.

Masu wasan kwaikwayon tarihi na yau sun san abubuwa da yawa da Planché bai sani ba, sun kuma gyara wasu kurakuransa. A garin Provins na Faransa ana bukin Tsakiyar Zamani, a Ingila kuma ana kwaikwayon yaƙin Hastings na 1066 a filin da aka yi shi. Masu tsanani daga cikinsu suna ɗinka kayansu da hannu, da ulu da lilin, su rina da ganye. Amma tambayar da su ke yi kafin su ɗauki almakashi ita ce wadda Planché ya yi a 1823: a ina aka ga wannan riga, kuma wa ya gan ta?

TAMBAYOYI

1. Me ya sa kakannin Planché suka bar Faransa?
2. Yaya ƴan wasa su ke zaɓen tufafi kafin 1823?
3. Faɗi hanyoyi uku da Planché ya bi ya gano shigar zamanin Sarki Jon.
4. Don me ƴan wasa suka ɓata rai a daren farko? Me ya faru da aka ja labule?
5. Wane kuskure a ke gani a rigar Sarauniya Biktoriya?
6. Me tufafin Girinlan suka nuna wanda dutse bai nuna ba?
7. Shekara nawa ke tsakanin mutuwar Sarki Jon da wasan 1823?

AIKI

A gidan tarihi na ƙasa, a Yamai, an ajiye tufafin gargajiya na al'ummomin Nijar. Amma a garinku ma akwai masu sani. Ku je wurin wani tsoho ko tsohuwa, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su irin tufafin da iyayensu ke sawa: wa ya kaɗa zaren, wa ya saƙa, wa ya rina, wa ya ɗinka? In akwai tsohuwar riga ko zane a adaka, ku roƙa a nuna muku. Ku dubi inda ɗinki ya bi, ku ƙidaya ƙyallayen da aka haɗa, ku zana. A ƙarƙashin zanen ku rubuta inda kuka ga kayan da ranar da kuka gan su.